Daga Maraton Zuwa Atina: Tarihin Uwar Tseren Fanfalaki

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, ranar Lahadi ta biyu, tun da asuba motocin safa kan fara kwasar mutane daga tsakiyar birnin Atina na ƙasar Girka, su nufi arewa maso gabas da su zuwa wani ƙaramin gari mai suna Maraton. A can ake sauke su, su kuma su komo birni da ƙafa. Tsawon hanyar tseren kilomita 42 ne da mita 195, kuma a 'yan shekarun nan wajen mutum 20,000 ke shigarsa daga sassa daban-daban na duniya. Ana gudun fanfalaki a Landan da Balin da Tokyo da Legas. Wasu sun fi na Atina yawan jama'a, wasu sun fi shi tsokar kyauta, amma dukkansu sunan wannan ƙaramin gari suke amsawa. Shi ya sa masu shirya shi suke kiransa tseren asali.

Duk wanda ya bi tarihin wannan tsere zai tarar darajarsa ta fito ne daga abin da Girkawa suka zaɓi su riƙa tunawa a kan wannan hanya. Da labarin yaƙi aka fara, aka bi ta kan nasarar wani talaka mai sayar da ruwa, aka zo aka sadaukar da tseren ga wani likita da aka kashe saboda kiran zaman lafiya.

Yaƙin da ya ɗaga sunan garin

Shekaru 490 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, babu daular da ta kai ta Farisa girma a duniya. Ikon sarkinta Dariyus ya kama daga bakin Indiya har Masar. Wasu biranen Girkawa da ke gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau sun yi masa bore a shekara ta 499 kafin haihuwar Annabi Isa, Atina ta aika musu da jiragen ruwa 20 na gudummawa, garin Eretriya ya aika da 5, har aka ƙone birnin Sardis inda gwamnan Farisa ke zaune. Dariyus ya murƙushe boren, amma bai manta da waɗanda suka sa hannu ba. Ya tura rundunar ruwa ƙarƙashin kwamandoji biyu, Datis da Artafanis. Suka ci Eretriya, suka kwashi mutanenta bayi, sannan suka tsallaka suka sauka a filin Maraton. Wanda ya nuna musu wurin ɗan ƙasa ne, Hippias, tsohon mai mulkin Atina da jama'a suka kora shekaru 20 kafin nan, yana fatan baƙi su mayar da shi kan gado.

Mutanen Atina ba su da rundunar da ta wuce mutum 9,000 zuwa 10,000, kuma manoma ne da masu sana'a, kowa da garkuwarsa da mashinsa. Ƙaramin garin Plataiya ne kaɗai ya kawo musu ɗauki da mayaƙa kimanin 1,000. Kwanaki da dama rundunonin biyu suna kallon juna, har ɗaya daga cikin kwamandojin Atina, Miltiyadis, wanda ya taɓa zama ƙarƙashin Farisawa ya kuma san salon yaƙinsu, ya shawo kan sauran aka yarda a kai hari. Ya rage kaurin tsakiyar sahu, ya ƙarfafa dama da hagu. Girkawa suka auka wa abokan gaba da gudu don kada kibau su yi musu ɓarna kafin a haɗu. Farisawa suka keta tsakiya, sai ɓangarorin biyu suka naɗo suka rufe su. Wasu suka faɗa fadama suka halaka, saura suka ruga jiragensu. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan dabara da zuciya suka rinjayi yawa.

Masanin tarihin nan Herodotus, wanda ya rubuta labarin bayan 'yan shekaru gommai, ya ce Farisawa 6,400 suka mutu, mutanen Atina kuwa 192. Al'adar Atina ita ce a kai gawar mayaƙa gida, amma waɗannan an binne su a inda suka faɗi don girmamawa, aka tara ƙasa a kansu. Tudun nan yana nan har yau, tsayinsa ya kai mita 9.

Yaƙin bai ƙare a filin ba. Ragowar jiragen Farisa sun kewaya ta kudu da niyyar su auka wa Atina tun da mazanta ba sa gida. Mayaƙan da suka gama fafatawa suka saɓi makamansu suka kama hanyar birni da gaggawa, suka riga jiragen isa. Da Farisawa suka hango su a tsaye, sai suka juya. Wannan tattaki na dubban gajiyayyun mutane shi ne tafiya ta farko daga Maraton zuwa Atina da tarihi ya tabbatar.

Ɗan aike: tsakanin tarihi da almara

Labarin da duniya ta fi sani shi ne na ɗan aiken da ya sheƙo daga fagen fama zuwa birni, ya yi albishir cewa an yi nasara, ya faɗi nan take ya cika. Herodotus bai kawo wannan labari ba. Abin da ya kawo shi ne, kafin yaƙin, shugabannin Atina sun tura wani gwanin gudu mai suna Pheidippides zuwa Sparta neman taimako, tafiyar kilomita kusan 240 ta cikin duwatsu, ya kuma isa washegari. Mutanen Sparta suka ce za su zo, amma suna cikin wani bikin addininsu da ya hana su fita yaƙi sai wata ya cika. Mayaƙansu 2,000 sun iso bayan an gama, suka zaga suka ga gawawwaki, suka yaba wa Atina, suka koma.

Sai bayan shekaru fiye da 500 marubuci Plutarch ya kawo labarin ɗan aiken da ya mutu a bakin albishir, shi ma da wasu sunaye dabam. Wani marubucin, Lucian, shi ya haɗa labarin da sunan wanda ya je Sparta. A 1879 mawaƙin Ingila Robert Browning ya rubuta waƙa a kan mutumin, ta karaɗe makarantun Turai. Haka labarai biyu suka narke suka zama ɗaya. Masana sun daɗe da rarrabe su, amma almarar ce ta haifi tseren, domin mutum guda da ya ba da ransa don isar da saƙo ya fi runduna saurin shiga zuciya.

Shekarar 1896: ranar ɗan garuwa

A tsoffin wasannin Olamfik na Girkawa babu tsere mai tsawo haka. Mafi tsawonsu bai kai kilomita 5 ba. Tunanin ya fito ne daga wani malamin harsuna Bafaranshe, Michel Bréal, abokin Pierre de Coubertin wanda ya jagoranci farfaɗo da wasannin. Bayan taron da aka yi a jami'ar Sorbonne ta Faris a 1894, inda aka tsayar da cewa Atina ce za ta karɓi wasannin farko, Bréal ya ba da shawarar a yi tsere daga Maraton zuwa birni, ya kuma yi alkawarin kofin azurfa ga wanda ya ci.

Girka ta lokacin matalauciyar ƙasa ce. Ba ta cika shekara 70 da fita daga hannun daular Usmaniyya ba, kuma a 1893 gwamnati ta bayyana cewa ta kasa biyan basussukanta. Wani attajirin Bagirke mazaunin Iskandariyya ta Masar, Georgios Averoff, shi ya ba da kuɗi kusan dirakma miliyan ɗaya aka sake gina tsohon filin wasa na Panatinaiko da farin dutsen marmara. Filin ya samo asali tun wajen shekara 330 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wanda ya fara lulluɓe shi da marmara a zamanin Rumawa, Herodes Atticus, haifaffen Maraton ne.

Girkawa sun ɗauki wannan tsere a matsayin nasu na gado, suka shirya gwaji har biyu don zaɓen 'yan wasa. Charilaos Vasilakos ya ci na farko cikin awa 3 da minti 18. A na biyu wani saurayi ɗan shekara 23 daga ƙauyen Marusi ya zo na biyar. Sunansa Spyridon Louis, sana'arsa garuwa: yana taya mahaifinsa jigilar ruwan sha daga ƙauyensu zuwa Atina. Wani hafsan soja, Kanar Papadiamantopoulos, wanda ya san ƙarfin ƙafarsa tun yana aikin soja a ƙarƙashinsa, shi ya ƙarfafa masa gwiwa ya shiga.

Kafin ranar tseren ran Girkawa a ɓace yake. Amurkawa sun kwashe yawancin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, har jifan faifai da Girkawa ke gani gadon kakanninsu ne wani ɗalibi Ba'amurke, Robert Garrett, ya cinye. Ranar 10 ga Afrilu, 1896, da ƙarfe biyu na rana, mutum 17 suka tashi daga Maraton, 13 Girkawa, 4 baƙi. Tsawon hanyar a lokacin kimanin kilomita 40 ne, turɓaya da tsakuwa. Bafaranshe Albin Lermusiaux ya fita da wuta ya ba kowa rata, Edwin Flack na Ostareliya da Arthur Blake na Amurka na biye da shi. Dukkansu gwanayen gajeren zango ne, ba su san abin da hawan tudu ke yi wa ƙafa ba. Blake ya sare bayan an wuce rabi. Lermusiaux ya ƙare a wajen kilomita 32. Louis kuwa yana tafe a natse, sannu ba ta hana zuwa. Ana ma ba da labarin ya tsaya a ƙauyen Pikermi ya jiƙa maƙoshi, ya tambayi ratar da aka ba shi, ya ce zai kamo su. Ya kamo Flack, suka jera na ɗan lokaci, sannan ya wuce, Flack ya yanke jiki ya faɗi saura 'yan kilomitoci.

Labarin farko da ya isa filin shi ne baƙo ke gaba, jama'a suka yi tsit. Can sai wani ɗan aike ya iso da cewa Bagirke ne. Da Louis ya shigo, filin ya kaure, 'ya'yan sarki biyu, Yarima Konstantin da Yarima George, suka sauko suka raka shi da gudu har layin ƙarshe. Ya gama cikin awa 2 da minti 58 da sakan 50. Vasilakos ya zo na biyu bayan minti 7 da 'yan kai. Wanda ya shigo na uku, Spyridon Belokas, an gano ya hau keken doki a wani yanki na hanya, aka karɓe matsayin aka ba Gyula Kellner na Hangari. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

An yi wa Louis tayin kyaututtuka iri-iri. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne da Sarki George ya ce ya faɗi bukatarsa, sai ya nemi amalanke da abin jansa don aikin ruwansa. Bai sake shiga tsere ba. Ya koma ƙauyensu ya yi noma, daga baya ya yi aikin ɗan sanda, ya rasu a 1940. Babban filin wasan Olamfik na Atina sunansa yake amsawa yau. Kofin Bréal ya zauna a hannun iyalinsa har 2012, lokacin da jikansa ya kai shi gwanjo a Landan a tsakiyar matsin tattalin arzikin Girka. Gidauniyar Stavros Niarchos ta saye shi fiye da fam 500,000 ta mayar da shi gida.

Akwai wadda tarihin ranar ya kusa mantawa da ita. Stamata Revithi, wata matalauciyar uwa, ta je Maraton ta nemi shiga, aka hana ta don mace ce. Washegari ta bi hanyar ita kaɗai, bayan ta sa manyan garin sun shaida lokacin tashinta a rubuce. Ta iso Atina cikin kimanin awa 5 da rabi, aka hana ta shiga filin. Sai bayan shekara 88, a 1984, mata suka sami gurbin gudun fanfalaki a Olamfik.

Tseren ya zaga duniya ya dawo gida

Amurkawan da suka ga abin da ya faru a Atina suka koma da shi, a 1897 aka fara tseren Boston, wanda ake yi har yau. Tsawon hanya kuwa kowane gari da nasa. A wasannin Landan na 1908 aka auna daga fadar Windsor zuwa filin White City, ya kama kilomita 42 da mita 195, a 1921 hukumar guje-guje ta duniya ta tsayar da wannan awo ga kowa. Ke nan suna na Girka ne, awo na Ingila. Don a cike gibin, hanyar Atina ta yau kan ratse a wajen kilomita na biyar ta kewaye tudun kabarin mayaƙan nan 192, sannan ta komo kan titi.

Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus da ƙawayenta sun mamaye Girka, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. A 1946 wani ɗan tsere mai suna Stylianos Kyriakides, wanda shi kansa yunwar ta rame, ya je Boston ya ci tseren cikin awa 2 da minti 29 da sakan 27. Ya yi amfani da sunan da ya samu ya zaga Amurka yana neman agaji, ya dawo wa ƙasarsa da kuɗi da abinci da magunguna. Tun daga nan Girkawa suka ga mai gudu na iya ɗaukar saƙon al'umma a zahiri.

Daga 1955 aka fara gayyato gwanayen duniya su gwada ƙafa a kan tsohuwar hanyar. A 1961 Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, ya zo Atina ya sake cin tsere da ƙafa tsirara. A 1969 Bill Adcocks na Ingila ya gama cikin awa 2 da minti 11 da sakan 7, bajintar da aka yi shekara 35 ba a karya ta a kan hanyar ba.

Likitan da ya yi tattaki shi kaɗai

Grigoris Lambrakis, haifaffen 1912, likitan mata ne kuma malami a jami'ar Atina. A ƙuruciyarsa gwanin dogon tsalle ne, ya riƙe bajintar ƙasarsa shekara 23, ya ci lambobin zinare da dama a wasannin ƙasashen Balkan. Lokacin mamaya ya haɗa kan 'yan wasa suna shirya gasa, kuɗin da aka samu a dafa wa mayunwata abinci. Bayan yaƙi yana duba marasa galihu kyauta. A 1961 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki daga Piraeus tare da goyon bayan jam'iyyar masu ra'ayin sauyi, a ƙasar da raunin yaƙin basasarta na 1946 zuwa 1949 bai warke ba, inda duk mai maganar kwance ɗamara ake masa kallon ɗan gurguzu.

Masu fafutukar zaman lafiya da adawa da makaman nukiliya sun shirya tattaki daga Maraton zuwa Atina ranar 21 ga Afrilu, 1963. Gwamnati ta haramta, 'yan sanda suka tare hanyoyi suka kama mutane da yawa, cikinsu har da mawaƙi Mikis Theodorakis. Lambrakis yana da rigar kariya ta ɗan majalisa, don haka ya samu ya isa tudun kabarin. Daga nan ya kama hanya shi kaɗai, ya ware hannuwa riƙe da ƙyalle mai ɗauke da sunan Girka da alamar zaman lafiya, wanda ya riƙe a wani tattaki irinsa a Ingila 'yan kwanaki kafin nan. Bai kai birni ba aka kama shi. Hoton mutum ɗaya a kan titi da ƙyalle a hannu ya shiga jaridu.

Bayan wata guda, ranar 22 ga Mayu, ya fito daga wani taro a birnin Tasalonika, wasu 'yan ta-kife biyu a kan babur mai ƙafa uku suka auka masa, aka buge shi a ka, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Ya rasu ranar 27 ga Mayu. Dubban ɗaruruwan mutane suka raka gawarsa a Atina. An so a ce haɗari ne, amma wani matashin alƙali mai bincike, Christos Sartzetakis, ya ƙi a rufe maganar, ya bankaɗo hannun wasu manyan jami'an tsaro. Firayim Minista Konstantinos Karamanlis ya sauka a watan Yuni na shekarar. Matasa suka riƙa rubuta harafin Z a bangon gidaje, wato yana raye. Da wannan harafi Vassilis Vassilikos ya sa wa littafinsa na 1966 suna, Costa-Gavras ya mai da shi fim a 1969. Sojojin da suka ƙwace mulki a 1967 sun ɗaure Sartzetakis sun azabtar da shi. Mulkinsu ya faɗi a 1974, kuma a 1985 alƙalin nan ya zama shugaban ƙasa.

An fara tseren shekara-shekara a kan hanyar tun 1972, da haɗin gwiwar hukumar yawon buɗe ido. Amma a 1983, shekara 20 da kisan, ƙungiyar guje-guje ta Girka, SEGAS, ta sake kafa shi a matsayin tseren zaman lafiya don tunawa da Lambrakis. Daga wannan shekara ake ƙirga zagayowarsa, shi ya sa na 2023 ya zama na 40, tun da annobar korona ta hana na 2020. A 1983 ɗin ne kuma aka fara Spartathlon, tseren kilomita 246 daga Atina zuwa Sparta, wanda ke bin sawun tafiyar da Herodotus ya ruwaito, Bagirke Yiannis Kouros ya ci na farko.

Manyan ranaku a kan tsohuwar hanya

A 1982 gasar nahiyar Turai ta zo Atina, aka sa tseren fanfalaki na mata karo na farko a tarihin gasar. Rosa Mota ta Fotugal, wadda ba ta taɓa gudun wannan zango ba, ta ci zinare a kan hanyar da Revithi ta bi ita kaɗai shekara 86 kafin nan. A gasar duniya ta 1997 Abel Antón na Sifen da Hiromi Suzuki ta Jafan suka yi nasara.

Da Olamfik ya dawo gida a watan Agusta na 2004, zafi da tudu suka nuna halinsu. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda babu macen da ta kai ta sauri a duniya a lokacin, ta tsaya a wajen kilomita 36 ta zauna a gefen titi tana kuka. Mizuki Noguchi ta Jafan ta ci cikin awa 2 da minti 26 da sakan 20, Catherine Ndereba ta Kenya na biye da ita. A na maza, Vanderlei de Lima na Birazil ne ke gaba a wajen kilomita 35 lokacin da wani tuɓaɓɓen limamin coci ɗan Ailan ya faɗo titi ya ture shi cikin 'yan kallo. Wani Bagirke daga cikin jama'a ya ɓamɓare shi, ya ci gaba da gudu, amma ƙarfinsa ya riga ya ragu saboda tsoro da gajiya. Stefano Baldini na Italiya ya wuce shi ya gama cikin awa 2 da minti 10 da sakan 55, ya karya bajintar Adcocks. De Lima ya shigo filin na uku, hannuwa a ware, yana murmushi. An ba shi lambar girma ta Pierre de Coubertin, kuma shi ya kunna wutar Olamfik a Riyo a 2016.

Hanyar a yau

Jajibirin tseren akan kunna wuta a tudun kabarin a kai ta wurin tashi. Kilomita goma na farko shimfiɗe suke, a nan ne yara kan miƙa wa masu gudu rassan zaitun. Daga Neya Makri hanya ta fara hawa, ta ratsa Mati da mararrabar Rafina da Pikermi da Palini, ana hawa ana ɗan sauka har wajen kilomita 31. Daga nan sai gangara cikin birni, a bi ta gaban wani dogon mutum-mutumin mai gudu da Costas Varotsos ya ƙera da gilashi, a gangara titin Herodes Atticus ta gefen fadar shugaban ƙasa, a shiga filin marmara. Awa 8 ake ba kowa ya gama.

Wannan hawa na kilomita 20 ne ya sa ba a zuwa Atina neman bajintar duniya. Felix Kandie na Kenya ya yi awa 2 da minti 10 da sakan 37 a 2014, ɗan ƙasarsu Edwin Kiptoo ya rage sakan 3 a 2023. Wata guda kafin nan, Kelvin Kiptum ya gama tseren Chicago mai shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin awa 2 da sakan 35. Ratar minti goma ke nan, kuma yawancinta tudu ne ya ci.

Tseren ya sha wuya tare da ƙasarsa. A 2010 aka yi bikin cika shekara 2,500 da yaƙin, daidai lokacin da bashi ya durƙusar da Girka. A 2015 kuɗin gayyato gwanayen waje ya gagara, amma ba a fasa ba, Bagirke Christoforos Merousis ya ci. A watan Yuli na 2018 gobarar daji ta cinye garin Mati, ta kashe mutum sama da 100. Watanni huɗu bayan haka masu gudu suka ratsa tsakanin ƙonannun gidaje da itatuwa ɗaure da koren ƙyalle, alamar alkawarin sake dasa dajin, mutanen garin na tsaye a bakin titi suna tafa musu.

Da masu shirya tseren sun so, da sun nemi hanya mai laushi a bakin teku, su jawo manyan sunaye da manyan kuɗi kamar yadda wasu birane suka yi. Sun bar ta yadda take, kuma sun yi daidai. Hanyar da mayaƙa suka bi don tsare garinsu, wadda ɗan garuwa ya ɗaga kan ƙasarsa a kanta, wadda aka hana mace da likita ƙarasawa, ba a musanya ta da minti goma. Al'ummar da ta gaji fagen yaƙi tana iya mai da shi wurin alfahari da jinin da aka zubar kawai. Girkawa sun riƙe alfaharin, suka ɗora masa sunan mutumin da ya ce a ajiye makamai, suka buɗe ƙofar filin ga duk wanda ƙafarsa ta kawo shi, mace ko namiji, ɗan ƙasa ko baƙo, har jikokin Farisawan da aka yaƙa.